Gizon Amurka Tsakanin Fim da Wasa

Gabatarwa

Yaran Hausawa ba su saba barin labari a inda suka ji shi ba. In an yi musu tatsuniya da dare, kashegari sai a tarar da su a bayan gida sun raba matsayi, wannan Gizo, wannan Ƙoƙi, wancan kuwa an tilasta masa zama kura. Haka nan in 'yan dambe suka sauka a gari bayan kaka, za a yi mako guda ana ganin yara da tsumma ɗaure a hannu, kowa ya ari sunan ɗan damben da ya burge shi. Abin da yaro ya gani ya ji daɗinsa, so yake ya shiga cikinsa da jikinsa. Kamfanonin fim na Amurka sun daɗe da gane wannan hali na ɗan Adam, suka mai da shi hanyar ciniki. A da, in za su fitar da fim ɗin wani jarumi, sai su ba wani kamfani izini ya ƙera wasan bidiyo a kan labarin, a kai su kasuwa lokaci guda, domin wanda ya fito daga gidan sinima ya koma gida ya zama jarumin da kansa.

Wannan batu bai yi nisa da aikin sashen Hausa kamar yadda ake zato ba. Ɗalibai sun saba da muhawara a kan abin da ke samun labari in an kwashe shi daga wani mazubi an juye a wani. Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fara ne a matsayin ƙagaggen labari, cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sa'an nan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. A kowane zango wani abu ya ƙaru, wani kuma ya zube a hanya. Wasan bidiyo shi ne zango na gaba a irin wannan tafiya. Misalin da ya fi dacewa a yi awo da shi kuwa shi ne Spider-Man 2 na shekarar 2004, domin a nan fim ɗin ya yi kyau, wasan ma ya yi kyau, babu wanda za a ce an yi shi da ka. Ra'ayin wannan maƙala shi ne wasan ya fi fim ɗin iya ɗanɗana wa mutum ƙarfin jarumi, amma ya yar da abin da fim ɗin ya ginu a kansa, watau wahalar da jarumin yake sha saboda jarumtarsa. Wannan rashi kuwa ba ƙarami ba ne a wuri irin Gayam ta ƙasar Birnin Gwari, inda mutane suka san jarumta da tsadarta a zahiri.

Abin da fim ɗin ya ƙunsa

Stan Lee da Steve Ditko ne suka ƙago wannan jarumi a 1962, a cikin mujallar zane. Sunansa na yanka Peter Parker, maraya ne da ya tashi a hannun kawunsa Ben da matarsa May a birnin New York. Wani gizo-gizo ya cije shi, ya sami ikon manne wa bango da ƙarfin da ya wuce na mutane. Bahaushe in ya ji sunan zai tuna da Gizon tatsuniya, amma halinsu ya yi hannun riga. Gizo na Ƙoƙi wayonsa na cikinsa ne, kowa ya faɗa hannunsa ya zama abin kalaci. Gizon Amurka kuwa baiwarsa ta zame masa bashi da yake biya wa mutanen gari, tun ranar da ya ƙyale wani ɓarawo ya wuce, ɓarawon ya je ya kashe kawun nasa.

Fim ɗin da Sam Raimi ya shirya ya fito ranar 30 ga Yuni, 2004, Tobey Maguire ya fito a matsayin Peter, Alfred Molina kuma a matsayin Dakta Otto Octavius. Tsawonsa sa'a 2 da 'yan mintoci, amma mai kallo zai lura cewa faɗa ba shi ne ya cinye lokacin ba. Tun farko an nuna Peter ya rasa aikinsa na kai wa mutane abinci gida, domin ya tsaya ceton wasu yara a hanya ya makara. Karatunsa na jami'a yana lalacewa, mai gida yana binsa kuɗin haya, banki yana shirin karɓe gidan May, Mary Jane da yake so kuma ta gaji da alkawarin da ba a cikawa, ta karɓi neman wani. Taura biyu ba ta taunuwa. Da damuwa ta yi masa yawa sai baiwar ta soma ƙwace masa, zaren ya ƙi fita yana tsakiyar iska. Daga ƙarshe ya tuɓe kayan jarumta ya jefa a kwandon shara ya yi tafiyarsa.

A wannan tsakanin ne fim ɗin ya yi aikinsa mafi kyau. Peter ya ga ana dukan wani mutum a lungu, ya kau da kai ya wuce. Ya zauna gaban May ya faɗa mata gaskiyar hannunsa cikin mutuwar mijinta, ta janye hannunta daga nasa ta tashi ba ta ce uffan ba. Daga baya gobara ta kama wani bene, ya shiga ba shi da wani ƙarfi sai na kowa, ya fito da wata yarinya da ƙyar, sa'an nan ya ji 'yan kwana-kwana suna cewa wani ya mutu a hawa na sama. Ita ma karawar da aka fi tunawa, ta kan jirgin ƙasa, ba naushi kaɗai ke cikinta ba. Bayan ya tsai da jirgin da jikinsa ya suma, fasinjoji ne suka tare shi kada ya faɗi, suka ɗauke shi a kan hannuwansu, suka ga fuskarsa a buɗe, suka yi alkawarin rufa masa asiri. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Shi kansa Octavius, wanda hannuwan ƙarfe huɗu suka manne masa a baya suka juya masa hankali, ba kashe shi aka yi ba. Magana Peter ya yi masa har ya dawo hayyacinsa, ya nutsar da na'urarsa a kogi ya bi ta.

Abin da wasan ya kawo

Kamfanin Treyarch ne ya ƙera wasan, Activision ya kai shi kasuwa a makon da fim ɗin ya fito, domin na'urorin PlayStation 2 da Xbox da GameCube. Maguire da Molina da Kirsten Dunst duk sun ba da muryoyinsu. Kafin wannan lokaci wasannin da ake ɗora wa fim ba su da kyakkyawan suna, domin ranar fitar fim ba ta jiran kowa. Misalin da aka fi bugawa shi ne wasan E.T. na kamfanin Atari a 1982, wanda aka haɗa cikin mako 5 ko kusa da haka, ya yi kwantai, har aka binne tulinsa a garin Alamogordo a 1983, aka tono a 2014. Wasan Spider-Man 2 ya karya wannan lago.

Abu biyu suka ɗaukaka shi. Na farko, an gina tsibirin Manhattan sukutum aka sakar wa mai wasa, ya hau benen da ya ga dama, ya diro titi, ya bi duk inda ransa ya so. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne yadda aka tsara lilo da zare. A wasannin baya zaren jarumin a sararin sama yake maƙalewa, ba a jikin komai ba. Jamie Fristrom da abokan aikinsa suka sa doka cewa sai akwai gini ko wani abu tsayayye kusa kafin zare ya kama. Saboda haka mai wasa sai ya koyi lokacin sakin zare da lokacin harba wani, da yadda nauyin jiki ke ƙara gudu in an yi ƙasa, da yadda ake shan kwana. Ranar farko zai yi ta karo da bango. Bayan mako guda yatsunsa sun haddace abin, yana ratsa gari ba tare da ya taka ƙasa ba.

A nan dole a ba wasan haƙƙinsa. Fim ɗin ya sami kyautar Oscar a 2005 saboda ƙwarewar haɗa hoto, amma duk da haka mai kallo zaune yake ana nuna masa wani yana lilo. Mai wasa kuwa da guminsa ya sami ƙwarewar, kamar yaron da ya koyi hawan keke bayan ya sha faɗuwa. Wannan daɗi ne da littafi ko fim ba su iya bayarwa, kuma duk mai nazarin da ya raina shi bai fahimci dalilin da ke sa yaro ya manta da tuwon dare a gaban allo ba.

Inda aka yi asara

Matsalar tana cikin labari. Sa'a biyu ta ishi fim, amma wanda ya sayi wasa da tsada yana son abin da zai ɗauke shi kwanaki. Don haka aka cusa abokan gaba da ba su cikin fim ɗin, irin su Rhino da Shocker da Mysterio. Aka kuma sa doka cewa ba za a wuce babi zuwa babi ba sai an tara wani adadi na makin jarumta. Ana samun makin ne ta hanyar kama 'yan fashi, da kai majinyaci asibiti, da ceto leburan da ke rataye a jikin bene, har da kamo wa yaro balan-balan ɗinsa da iska ta ɗauke. Da makin ake sayen sabon salon naushi da ƙarin gudu.

Mai karatu ya dubi abin da wannan tsari ya yi wa ma'anar labarin. A fim, duk lokacin da Peter ya taimaki wani sai ya yi asarar wani abu nasa, ko aiki, ko darasi, ko amincewar masoyiya. A wasa kuwa duk taimakon da ya yi riba ce ake ƙirga masa a kusurwar allo. Aikin kai abinci da ya jawo masa kora a fim ya zama gasar tsere, in an makara a sake, ba mai korar kowa. Babin da baiwarsa ta gudu, wanda shi ne ƙashin bayan fim ɗin, an cire shi gaba ɗaya. A madadinsa aka kawo wata mace mai suna Black Cat, wadda take zuga shi ya rabu da rayuwar Peter Parker ya zauna cikin kayan jarumta dare da rana. Watau jarabar da ke cikin fim ita ce ya ajiye jarumta ya huta, jarabar da ke cikin wasa kuwa ita ce ya ajiye mutuntakarsa ya ci gaba da lilo. An kifar da labarin, ƙafa a sama kai a ƙasa.

Ba sakaci ne ya jawo haka ba. Mazubin ne ya tilasta. Wanda ya biya kuɗi don ya zama Spider-Man ba zai yarda a ƙwace masa zare na sa'a guda ya zauna yana jin kunya gaban gwauruwar kawunsa ba. Mai kallon fim ya sallama ragama ga mai shiri, shi ya sa ake iya kai shi inda ba ya so ya je. Mai wasa kuwa ragamar tana hannunsa, in an kai shi inda ba ya so sai ya kashe na'ura. Nadama da haƙuri da jin nauyi duk abubuwa ne da ke bukatar a tsaya cik, wasa kuwa motsi ne abincinsa.

Akwai masu cewa wannan hukunci ya yi tsanani, wai wasa ma yana iya koyar da ɗaukar nauyi. Suna da hujja. A wasan Superman Returns na 2006 an yi wata dabara: tun da jarumin ba ya jin rauni, sai aka ɗora ma'aunin lafiya a kan birnin da yake karewa, in ɓarna ta yi yawa a gari an ci mai wasa ke nan. A nan dokar wasan ce da kanta ke faɗin darasin. Sai dai wannan wasa bai karɓu ba, kuma irin wannan tunani bai yawaita cikin wasannin da ake haɗawa da gaggawar fitar fim ba. Abin lura ne cewa wasannin jarumai da suka fi samun yabo daga baya, kamar Batman: Arkham Asylum na 2009 da Marvel's Spider-Man na 2018, ba su jingina da wani fim ba, nasu labarin suka ƙaga. Ko a na 2018 ɗin ma, wurin da ya fi taɓa zuciya, inda Peter ya bar May ta cika don a yi amfani da maganin a ceci jama'a, an karɓe ragama ne daga hannun mai wasa aka nuna masa shi kamar fim.

Me ya haɗa wannan da Gayam?

Gayam gunduma ce a ƙaramar hukumar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, ƙasar noma da ke maƙwabtaka da dazuzzuka masu duhu, ciki har da Kamuku wanda aka mai da gandun daji na ƙasa a 1999. Shekaru fiye da goma mutanen wannan yanki suka yi suna fama da satar shanu da garkuwa da mutane, gonaki suka koma saura, hanyoyi suka zama abin tsoro. A 2021 har layukan waya aka toshe na wani lokaci saboda matsalar tsaro, kuma sai a watan Nuwamba na 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan wani sulhu. Yaron da ya girma a nan ba lalle ne ya taɓa riƙe PlayStation 2 ba, amma jikokin wannan wasa sun iso ta wayar hannu, da tsarinsu ɗaya na a buge abokin gaba a ci maki.

Kada a fahimci wannan magana a karkace. Wasan bidiyo bai haifi ɗan bindiga ko ɗaya a dajin Birnin Gwari ba. Tushen wannan fitina yana cikin talauci da rikicin gona da burtali da yawaitar makamai da rashin hukunci, kuma ɗora laifin a kan wayar yara gudun gaskiya ne. Abin dubawa shi ne irin hoton jarumi da ake ajiye wa yaro a zuciya. Spider-Man, in an tuɓe masa ado, ɗan sa-kai ne: ba wanda ya naɗa shi, fuskarsa a rufe, ya ga hukuma ta gaza ya shiga da kansa. Mutanen Birnin Gwari sun san 'yan sa-kai da idonsu. Sun san waɗanda suka ba da ransu don kare ƙauye suka bar marayu, sun kuma san yadda ramuwa a kan wanda bai ji ba bai gani ba take mai da ƙaramar wuta gobara.

Fim ɗin, duk da ƙaryarsa ta gizo-gizo da hannuwan ƙarfe, ya fi kusa da wannan sani. Jaruminsa yana kuskure, yana talaucewa, jarida tana zaginsa tana tambayar wanda ya ba shi izini, kuma ya ci nasarar ƙarshe ne ta hanyar tuna wa abokin gabarsa cewa shi ma mutum ne. A wasan kuwa kowane mugu yana ɗauke da alama, ba a taɓa dukan mai gaskiya bisa kuskure, wanda aka buge ba shi da uwa ba shi da 'ya'ya, kuma da an juya kwana wani irinsa ya sake tsirowa. Tsohon da ya binne ɗansa a Gayam, in aka nuna masa su biyun, zai gane Peter na fim. Na wasan kuwa zai ce wannan bai taɓa kwana a bakin daji ba.

Kammalawa

Hukuncin da ya dace shi ne a yaba wa wasan Spider-Man 2 a kan abin da ya ƙware a kai, a kuma daina ɗaukarsa madadin fim ɗin. Wanda ya yi wasan bai ga fim ba ya san yadda jarumin ke tafiya, bai san abin da ke hana shi barci ba. Iyaye da malaman makaranta ba su bukatar ƙwace waya daga hannun yaro. Ya fi amfani su zauna da shi su tambaye shi wane ne wannan da ya buge, me ya yi, wa zai ciyar da iyalinsa, irin tambayoyin da kaka take yi wa jikoki bayan ta rufe tatsuniya.

Ga ɗaliban Hausa kuwa akwai aiki a gaba. Adabin Hausa yana da nasa jaruman masu ƙarfin da ya wuce misali. Ga Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Ba abin mamaki ba ne wata rana wani matashi mai ilmin kwamfuta a Zariya ko Kano ya ɗauki ɗayansu ya mai da shi wasa. Yaƙe-yaƙen Ganɗoki da aljannu za su shiga cikin sauƙi, domin sara da suka su ne abin da na'ura ta fi iyawa. Abin da zai yi wuya shi ne ɓacin ran mayaƙin da Turawa suka ci ƙasarsa, da yanayin tsohon da ke zaune yana ba yara labarin zamanin da ya shuɗe. In ba a sami wanda ya karanci littafin da idon nazari ya zauna tare da mai ƙera wasan tun ranar farko ba, abin da zai fito shi ne wani ƙato mai takobi da sunan Ganɗoki a kansa. Saboda haka ya kamata sashen Hausa ya buɗe wa wasan bidiyo ƙofa a darasin adabi, kusa da fim da wasan kwaikwayo, a kuma ƙarfafa wa ɗaliban ajin ƙarshe gwiwa su ɗauki irin wannan kwatanci a matsayin batun kundin digirinsu.